Ina 'Yan Amshin Baba Tunau?

Laraba da dare, Sabon Birni.

Yau Baba Tunau mawaƙin noma ya faɗo situdiyo yana huci. "Kai ɗan nan, ina ka kai min 'yan amshina?"

Da na haɗa waƙar, na sa kalangu a lasifikar hagu, 'yan amshi a ta dama, amsa-kuwwa ta lulluɓe su. A kunnena, daɗi kamar me. Ashe da anka sa ta a gayyar noma ta garin Tsamaye, lasifika guda sunka jona, ta hagu. Baba na ba da waƙa, ba mai karɓa, manoma sunka yi ta dariya.

Na ji kunya, amma na san gyaran. Gobe za ni maido kowa tsakiya, a ji su a kowace lasifika, amsa-kuwwa kaɗai za ni bari a gefe. Ko a rediyon mai shayi anka sa ta, sai an amsa wa Baba.