Hannun Nafisa Bai Rawa

Laraba da dare

Yau Dakta, shugaban bincikenmu, ya karɓe aikin kifin Goronyo daga hannuna ya ba Nafisa, ƙaramar abokiyar aikina. Ni na tafi bakin dam na samo tarwaɗar, ni na rungumo kular ƙanƙara a mota har ɗakin gwaji don kada hantar ta lalace. Amma da munka auna ƙarfin aikin enzayim ɗin hantar, sinadarin da ke nuna ko ruwan ya gurɓace, kowace kwalba tawa da lambar da ta ba ni, nata ko lambobin sunka fito iri ɗaya. Dakta yac ce, "Nafisa, hannunki bai rawa, ke za ki ƙarasa." Ni ko kallo ban samu ba.

Abin haushin, yarinyar ba ta yi mani komi ba. Har matsowa ta yi tac ce, "Yaya Hajara, ko mu sake auna naki tare?" Na ce ina da aiki, alhali ba ni da shi.

Bayan isha'i Kawu Sani, wanda ya kamo kifin, ya kira ni. "Ɗiyata, mi hantar ta nuna? Ruwan namu lafiya?"

Na ce, "Kawu, sai na tambayi Nafisa."