Jikana a Kwamfutar da Ke Mutuwa

Yelwa, Mubi. Daren Laraba.

Ladi ta haihu, namiji! Tun gudun hijirar bara 'yar nan tawa tana Kamaru, sai hotuna ta aiko a filash, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta.

Amma da na buɗe hoto, sai kwamfutar ta yi shuɗi ta mutu. Na kwafe rubutun da ke fitowa harafi-harafi, yadda aka koya mana a makarantar dare, na kai wa mai gyara. Ya goge memori, wato ƙwaƙwalwar da aka sa mata kwanan baya, ya sauya masa rami, duk a banza.

Ya ce, “Baba, memorin bai dace da ita ba. Irin nata kuwa babu a Mubi yanzu.”

Anya zan riƙe yaron nan a hannuna? Fuskarsa dai tana leƙowa kafin kwamfutar ta ɗauke. Gobe kowa ya zo ya gani, kada wanda ya ƙifta ido.