Littafin da Na Gani a Zaurenka

Zuwa ga Alhaji Tanimu, ɗan takarar majalisar jiha, kuma shugaban kwamitin makarantu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya mahaifiyarka, ni ne Saja Mamman na Ƙofar Kibo, tsohon soja, aminin marigayi mahaifinka. Na yi ta sintiri a ƙofar gidanka ana ce mini kana barci, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na farko, kowa a cikin birni ya san kai makaranci ne. Tun kana yaro, ko takardar da aka ƙunso ƙosai sai ka warware ta ka karanta, mahaifinka yana dariya yana cewa wannan ɗa zai yi nisa. Ban taɓa ganin aibin haka ba, yau ma ban gani ba. Ranar da na zo yi maka barka da tsayawa takara, bayan Sallar layya, na tarar da zaure cike da jama'a, ga littattafai jibge kusa da kujerarka. Wanda ke sama an kife shi a buɗe, kamar yadda mutum kan ajiye abin da yake cikin karantawa. Turancina na bariki ne, amma fuskar da ke bangon littafin ba na bukatar tafinta kafin in gane ta. Shugaban Jamus ne na lokacin yaƙi, mai guntun gashin baki, wanda aka riƙa nuna mana hotonsa kafin a zuba mu a jirgin ruwa.

Na tambaye ka a gaban mutane, gaskiya ne, domin a gaban mutane na gan shi. Cewa na yi, Alhaji, me kake nema a wurin wannan mutum? Ka yi murmushi ka ce mini, Baba Saja, mai neman mulki dole ya san yadda maza suka riƙe ƙasa. Maza ka ce. Wannan kalma ce ta hana ni shan furar da aka kawo mini.

Na biyu, bari in gaya maka inda na san waɗannan maza. Ban je Jamus ba. Habasha aka kai mu, muka gwabza da sojojin Italiya, abokan tafiyarsa. Na shiga garuruwan da suka bari, na ga abin da mai farar fata yake yi wa baƙaƙen fata idan an gaya masa cewa su ba cikakkun mutane ba ne. Da hannuna na rufe Garba ɗan Ƙofar Doka a gindin wani dutse, babu likkafani, sai bargonsa. Uwarsa ta rayu tana tambayata ko an fuskantar da shi alƙibla. Saboda haka idan na ga wannan fuska a zauren ɗan aminina, ina da ikon yin tambaya.

Na uku. Ba ni na kai wa abokan hamayyarka maganar ba. Zaure ba ɗakin sirri ba ne, kuma bakin mutane ba ya da linzami. Da magana ta bazu, sai ka hau mumbari a filin taro ka rantse ba ka taɓa ganin littafin ba. Ka ƙara da cewa akwai wani tsoho da ƙarar bindiga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, a yi masa uzuri. Ba ka ambaci suna ba, amma tsohon soja nawa ne ya rage a Ƙofar Kibo? Tun daga ranar, idan na fito masallaci sai in ji ana yi mini lafta-raita irin ta faretin soja daga bayan katanga. Mutanen da a da suke kawo mini rigimarsu in sasanta, yanzu gaisuwa suke yi da sauri su wuce. Kuma a wannan taron ne ka ce doki ɗaya ba ya ɗaukar mahaya biyu, in ka ci zaɓe masu surutu za su san sun yi. Ko daga littafin ka samo wannan, ko daga zuciyarka, Allah ne masani. Ni dai na taɓa jin irin wannan murya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 'yata, Malama Hajara, mai koyarwa a firamare ta wajen Ƙofar Kuyambana. Mijinta ya rasu, tana gidana da marayunta, ita ce idona, ita ce ƙafata. Laifinta ɗaya: wani malami ya yi mata jaje a gaban 'yan'uwansu cewa mahaifinta ya zautu, ta ce mahaifinta lafiyarsa lau, kuma ta faɗi abin da aka koya musu a kwaleji game da yadda marubucin littafin nan ya ɗauki baƙar fata. Ba a yi nisa ba aka ɗauke ta aka jefa wani ƙauye da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, a tsakiyar zangon karatu. Kwamitin da kake shugabanta ne ya yi wannan. Ta tafi da na goye, ta bar mini manyan, ni da ko ruwa ba na iya ɗebowa daga rijiya.

Sannan ka aiko ƙanin mahaifiyarka da goro, wai in tashi bayan sallar Juma'a in ce idona ne ya yaudare ni, sai a dawo da ita. Na aika wa Hajara na tambaye ta, domin ita ke shan wahalar. Amsarta gajera ce: Baba, in ka faɗi haka, to ni kuma na zama maƙaryaciya.

Don haka ga goronka nan na mayar. Na ga littafin, na ji abin da ka ce, kuma hankalina yana jikina.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ka dawo da Malama Hajara makarantarta ba tare da wani sharaɗi ba. Ka janye maganar hauka a wurin da ka yi ta. Sannan ka fito ka gaya wa mutanen da kake neman ƙuri'arsu cewa ka karanta, ka faɗi abin da ka ɗauka da abin da ka zubar. In don ka san sharrinsa ka karanta, ni zan fara sa maka albarka. Sojoji suna shirin miƙa mulki su koma bariki, ba mu jira wannan rana don mu miƙa wuya ga wanda tambayar tsoho ɗaya ta isa ya kori malama ba.

Allah Ya shirye ka, Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ka mulki in alheri ne gare ka da mu, Ya hana ka in ba haka ba. Ranar zaɓe zan fito ko da ɗaukata za a yi, kuma za ka san inda na tsaya.

Wassalam.

Saja Mamman, Ƙofar Kibo, Zariya.