Motar Mijin Auta Tana Ruri, Tawa Shiru

Zuwa ga mai kula da wannan fili mai albarka,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon ka agaje ni da shawara, domin abin da ke ci mini rai ya fi ƙarfin in faɗa wa na gida. Ina so ka sani tun farko cewa da hannuna na rubuta wannan takarda, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Bana na kammala ajin karatun manya, kuma malaminmu ya shaida a gaban aji cewa rubutuna yana da tsabta.

Ni direba ne, kuma ba direban jiya ba. Surukina, wanda muke kira Baba, yana sayar da siminti da rodi. Yana da a-kori-kura biyu masu shan dizal, iri ɗaya, launi ɗaya, rana ɗaya aka sayo su. Ɗaya tana hannuna, ni da nake auren babbar 'yarsa. Ɗayar tana hannun mijin Auta, ƙanwar matata, mutumin da ni na koya masa ja da baya da kaya a bayan mota.

Tsakanin ma'ajiyar siminti da shagon Baba akwai wani dogon hawa. Idan mijin Auta ya kama hawan nan da rana tsaka, sai motarsa ta ɗauki ruri daga wajen fanka kamar jirgin sama zai tashi, ba ta yin shiru sai ta kai sama. Baba kuwa idonsa ya yi rauni, da kunne yake gani yanzu. Yana zaune a kan benci a bakin shago, da ya ji rurin sai ya gyara zama, ya shaida wa abokan hirarsa cewa ga namijin aiki nan tafe, mota ba ta nishi sai ta ɗauko kaya na gaske. Ni kuwa tawa tana hawowa shiru kamar kyanwa ta shiga ɗaki, sai na yi sallama kafin ya san na iso. Rannan a gaban jama'a ya tambaye ni ko auduga nake ɗaukowa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta wuce haƙora ba.

A gida ma ban tsira ba, domin ƙofarmu tana kallon ta su mijin Auta. Da safe idan ya tayar da motar, tana yin rurin nan na ɗan lokaci kafin ta lafa, matata kuwa ta mayar da shi agogonta na ɗora ruwan shayi. 'Ya'yana, na cikina, idan suna wasan mota da murfin tukunya, motar mijin Auta suke kwaikwayo. Da na nuna ɓacin raina, uwarsu ta ce kishi ne ke damuna, wai ina kishi da fanka. Na fice waje abina, domin mutum mai matsayi irin nawa ba ya jayayya a gaban yara.

Don in nuna wa Baba ko ni wane ne, na riƙa ƙara buhuna fiye da na mijin Auta, da fatan tawa ma za ta yi nishi. Ba ta yi ba. Sai dai allurar da ke nuna zafin inji ta riƙa hawa har kusa da ja, in raɓe a gefen hanya in jira ta huce, in ƙara ruwa a lagireto, shi kuma ya zo ya wuce ni yana ɗaga mini hannu. Wannan ɗaga hannun ya fi mini zafi fiye da injin.

Yanzu Baba ya ce ƙarfinsa ya ƙare, zai damƙa wa ɗayanmu kula da jigilar kayan shagon gaba ɗaya. Ni ne babba, ni ya dace. Dabaru biyu nake juyawa a zuciyata. Wani bakanike ya ce zai iya ɗaure kulocin fankata da noti, ta riƙa ruri dare da rana. Ko kuma in je in gaya wa Baba cewa rurin nan alama ce ta mijin Auta yana kashe injin da nauyin ƙafarsa, ko da yake ban tabbatar da haka ba. Wacce zan ɗauka?

Naka cikin girmamawa,
Direban da Ba a Jin Isowarsa

Malam Direba,

Barka da kammala karatu, kuma takardarka ta karantu tsaf. Amsata a taƙaice: kada ka ɗauki ko ɗaya.

Na kai tambayarka ga masu gyaran irin motarka, ga abin da na samo. Fankar ba a manne take da injin ba. Tsakaninsu akwai kuloci mai wani mai mai kauri a ciki. Idan injin yana cikin sanyinsa, kulocin yana sakin fankar ta juya a hankali. Idan iska mai zafi ta fito daga lagireto ta buge shi, sai ya kama, fankar ta ja iska da ƙarfi, shi ne rurin da Baba yake ji a kan hawa. Ɗan rurin safe ma halinta ne. Ke nan motar mijin Auta lafiyarta ƙalau, kuma abin da kake shirin kai wa Baba ƙazafi ne. Bakanike ɗaya ya isa ya ƙaryata ka, ka rasa jigilar, ka kuma haɗa matarka da ƙanwarta.

Taka ce abin tsoro. Motar da allurarta ke kai wa ja tana shiru, akwai alamar kulocinta ya mutu. Da safe, injin a kashe, makulli a aljihunka, ka tura fankar da hannu. Idan ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, ko ka ga maiƙo da ƙura sun taru a tsakiyarta, man ya zube. Ka sa a canza shi, a duba lagireto ma ko ya toshe. Kada a ɗaure da noti: za ta ƙara shan mai, ƙarfinta ya ragu, famfon ruwa ya wahala. Ka kuma sauke buhunan da ka ƙara tun kafin ka ƙone wa Baba inji, domin ranar nan duk unguwa za ta ji isowarka, a bayan motar ja.

Ban ce ba ka da abin jin haushi ba. Ba a auna himmar mutum da ƙarar fanka, kuma zancen auduga a gaban jama'a bai dace ba. Amma tsoho ne da ido ya guje masa, da abin da ya rage masa yake awo. Matarka kuma ba ta zage ka ba, sunan ciwon ta faɗa.

Ka je wurin Baba da kanka ka ce ka gano matsala a motarsa, kana son gyara ta kafin ta yi ɓarna. Wanda zai damƙa dukiyarsa irin wannan maganar yake son ji. Sannan ka nemi mijin Auta ya raka ka gareji. Kai ka koya masa ja da baya, ba za ka ragu ba don ya tsaya kusa da kai ana kwance noti. Ko jigilar ta zo hannunka ko ba ta zo ba, za ka fita da mota mai lafiya da zumunci mai lafiya.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya nuna maka ranar da za ka kama hawan nan, Baba ya gyara zama a kan bencinsa, ya rasa gane wane ne cikin surukansa biyu yake tafe.