Jiƙon da Kike Aiko wa Da-som

Yaya Gyeong-ok,

Gaisuwa da fatan alheri daga Daegu. Da fatan ƙafar maigidanki Yaya Pil-su ta yi sauƙi, lemun gonarku na Jeju kuma ya yi albarka bana. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ƙalau, shagon wanki na tafiya yadda kika sani.

Maganar ’yarki Da-som da ke zaune a wurina ce ta sa na rubuto, kuma da izininta. Tun da ta shiga aji biyu a jami’a take fama da ciwon mara. Ta gaya miki, kika ce mahaifarta ce ta yi sanyi kamar yadda taki ta yi, kika dinga aiko jiƙon mai magani kwali-kwali. Ta shanye shi tas, ni shaida ce, don ni nake zubar da ledojin da yake zuwa a ciki. Da na ce mu je asibitin mata, cewa ta yi haba Inna, budurwa a cikin masu ciki, idan wata ta gan ta fa? Wai ke kika koya mata cewa marar aure ba ta taka ƙofar nan. Ban musa ba, mu ma haka aka koya mana.

Watan jiya zazzaɓi ya kayar da ita a ɗakin karatu, ƙawayenta suka kwashe ta sai asibiti. Likita ta ce cuta ce da ake ɗauka wajen saduwa, wadda ƙwayoyi kaɗan za su kashe da an zo da wuri. Yarinyar tana shan maganin hana ɗaukar ciki, ta ɗauka shi ke nan ta tsira daga komai. Ajinsu guda, in ji ta, kusan kowa haka ya ɗauka. Saurayin nata, Tae-gon, an gwada shi, shi ma yana da ita bai sani ba. Ya zo shago yana ta sunkuyawa yana ba da haƙuri, har na ce ya miƙe kada ya fasa mini teburin guga.

Ga inda ake. Cutar ta mutu, amma ta toshe hanyar ƙwan haihuwa ɗaya. Ɗayar lafiyarta ƙalau, likita ta ce za ta iya haihuwa idan aka kiyaye. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye miki ba. Ki daina aiko jiƙon nan, Yaya.

Ki gaida Yaya Pil-su da Gwaggo Mal-sun. Da-som ta sayi tikitin jirgin zuwa gida Jeju don bikin girbin kaka, amma ba ta haɗa kaya ba. Ta ce in tambaye ki ko ta zo. Kiran wayarki take jira, ba kwali ba.

Ƙanwarki,
Gyeong-ran