Mujallarmu ta koma intanet, Baba ya yi fushi

Anti, ki taimaka min, na ɗebo ruwan dafa kaina. Ma'aikaciyar laburare ce ni, kamar mahaifina kafin ya yi ritaya. Bara ƙungiyarmu ta naɗa ni editar mujallarta. Da can bugawa ake yi, sai mai biyan kuɗin ƙungiya ake aika wa. Na ce abin kunya ne, mu da ke lallashin mutane su zo karatu kyauta, mu ne masu kulle namu binciken? Aka yarda, muka daina bugawa, muka ɗora ta a intanet kowa ya karanta. Na kuma cire shafin baya, inda ake sa wanda aka ƙara wa girma, wanda ya yi jika, wanda ya rasu, tunda ba bincike ba ne.

Masu karatu sun ƙaru, har ɗalibai na turo godiya. Amma Baba, wanda ya koya min jera littattafai tun ban kai tsawon kanta ba, ya ce ba zai ƙara biyan sisi ba. Abokansa 'yan fansho suka bi sahu, alhali da kuɗinsu mujallar ke numfashi. Mutumin da ko da can daga shafin baya yake fara karanta ta! Yanzu in na gaishe shi, sai ya amsa da kira na Edita. Abin dariya ne, amma yana min ciwo.

'Yar Mai Ritaya

'Yata, buɗe mujallar daidai ne, kada ki mayar da ƙofa. Sai dai garin neman gira kin kusa rasa ido. Baba ba rowa yake yi ba. A shafin da kika cire yake jin wa ya rage cikin abokan aikinsa, kika rufe masa zumunci ba sallama.

Ki bar binciken a buɗe, ki nemi makarantu su tallafa, nauyin ya sauka daga kan tsofaffi. Labaran 'yan ƙungiya kuwa, a buga su a 'yar takarda, a aika wa masu biya kaɗai. Ragamarta ki danƙa wa Baba. Kada ki aika, ki je da ƙafarki, ki durƙusa ki ce ba ki san mutanen nan kamar shi ba, gaskiya ce kuma. Zai yi ta mita, ki yi shiru har ya ce a miƙo masa tabaransa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ja da ransa.