Layi Ɗaya a Littafin Auta

Zuwa ga ɗana, Sarkin Lissafi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka basira, Ya tsare ka daga sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Babanku ta yi sauƙi tun da ya daina hawa tsani, ko da yake shekaranjiya na kama shi a kan kujera yana gyaran fankar falo. Yayarka ta koma aikin asibiti, jaririyar tana ta ƙiba. Kawunku direba ya rabu da tsohuwar motar nan tasa, unguwa ta samu barcin safe.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. A waya kana da saurin baki, kafin in kai ƙarshen magana ka riga ka jero mini hujja uku. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Don haka ka nemi wuri ka zauna. Maganar ƙanwarka Auta ce, wadda na ji mako uku ke nan ba ku yi magana ba.

Ka san shekara huɗu tana fama da bulon nan nata a ɗakin gwajin jami'a, tana cakuɗa yumɓu da toka tana gasawa a tanderu. Ka san kuma ta buga a mujalla cewa bulonta yana yin ƙarfi a zafin digiri ɗari bakwai, alhali sauran sai an kai su kusan dubu, wato za a rage ƙona mai da yawa. A kan wannan ne wani kamfani ya shirya gina azuzuwan makaranta da shi, a kansa ne kuma aka sa sunanta cikin waɗanda za a tabbatar wa aikin dindindin. Babanku ya sa an yi wa shafin farko na mujallar gilashi ya rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya karanta masa, ko da mai gyaran famfo ne.

Abin da ba ka gani ba, ni na gani. Ranar wata Talata na kai mata abinci wurin aiki, don na lura ta rame kuma ba ta taɓa abin da aka ajiye mata. A bakin ƙofa aka tare ni, wai ba a shiga da silifas. Aka ba ni wasu takalman ƙarfe da za su shige Kawunku, da farar riga, da tabarau kamar na mai walda. Ni da na haifi likitar wurin, haka na shiga ina jan ƙafa. Ɗakin dogo ne, tanderu biyu a ƙurya suna huci, kanta cike da bulo, kowanne da lambarsa da farin fenti. A tsakiya akwai wata na'ura da ke danne bulo a hankali har ya fashe. Na ce mata wannan ai almubazzaranci ne, bulo lafiyayye a farfasa shi da gangan. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce gara ya fashe a nan da ya fashe a kan 'ya'yan mutane.

A nan ta zaunar da ni ta faɗa mini komai. Wani mai bincike a wata jami'a ya bi lissafinta sau biyar, bulonsa yana marmashewa kamar busasshen burodi, ya rubuto mata. Shugaban ɗakin gwajinsu ya ce ta rabu da shi, hannunsa ne bai iya ba. Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba. Ta kwaso littattafan aikinta guda goma sha ɗaya, waɗanda take rubuta duk abin da ta yi kowace rana da biro, ta bi su shafi-shafi. A na uku ta tarar da ranar da aka sauya wayar ma'aunin zafin tanderu. A ranar ta auna da wani ma'auni na hannu, ya nuna mata ɗari tara, na jikin tanderu yana nuna ɗari bakwai. Ta ɗauka na hannun ne ya lalace, ta ja wa adadin layi ɗaya ta wuce. Ashe shi ne mai gaskiya. Shekara uku tanderun yana yi mata ƙarya, ita kuma ta kai ƙaryar gaban duniya ba da saninta ba.

Ta buɗe mini shafin. Adadin yana nan ƙarƙashin layin, ana karanta shi sarai. Ta ce a aikinsu doka ce, ba a yage shafi, ba a gogewa, layi ɗaya ake ja don na baya ya ga abin da aka fara rubutawa. Ta ce amma ita ba a jami'a ta koya ba, a kan teburin cin abincinmu ta koya. Ka tuna yadda nake ƙirga shafukan littattafanku na makaranta kowace Juma'a, wanda nasa ya ragu ya sha murɗin kunne? Kai ne ka fi kowa sha, don ba ka son a ga inda ka faɗi lissafi. Kuna ce mini 'yar sanda a bayan idona, kuna tsammanin ba na ji. Wallahi da na ga layin nan sai da na cire tabaran mutane na share ido, na ce mata hayaƙin tanderu ne.

To, ga inda ka shigo. Ta ce ta kira ka neman shawara, saura kwana goma sha biyu ta zauna gaban kwamitin ɗaukar aiki. Ka ce mata ta yi shiru har a ba ta takardar aiki, bayan nan sai ta gyara a hankali, kwana goma sha biyu ba za su rushe gini ba. Da ta ƙi, ka ce mata ba ta san duniya ba, ka kashe waya. Ka ba ni kunya. Kai ne fa, zuwanka na ƙarshe, ka ɗauki kofin shayin Babanku mai tsaga kana yi mana bayanin bincikenka a kan yadda bankuna ke durƙushewa. Ka ce ba rana ɗaya abin yake faruwa ba, tsaga ce ƙarama da mutum goma suka gani, kowa yana jiran ya karɓi nasa tukuna kafin ya buɗe baki. Har kuna musu da Auta wai lissafin tsagar bulo da na tsagar banki kusan iri ɗaya ne. Ni sakandare kawai na gama, amma na riƙe wannan darasi. Ashe malamin ne bai riƙe ba.

Yanzu ka ji abin da ta yi. Washegarin zuwana wurinta ta rubuta wa mujallar ta janye aikinta, ta rubuta wa kamfanin su dakata, ta rubuta wa mutumin nan ta ce shi ne da gaskiya, ta gode masa. Ranar kwamiti ta ɗauki littafi na uku ta ajiye musu a kan tebur tun kafin su tambaye ta. Ba zan yi maka daɗin baki ba: ba su ba ta aikin ba, wani aka ba. Shekara ɗaya kawai aka ƙara mata, shugaban nata kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwarta. Ta dawo gida ta yi kukanta a ɗakina, na bar ta ta yi, sannan na ce ta tashi ta wanke fuska, ba mutuwa aka yi ba. Kamfanin sun riga sun gasa bulo dubu shida a kan adadinta. An gwada ashirin, goma sha bakwai suka fashe tun na'urar ba ta yi nisa ba. Da su za a ɗora rufi a kan yara arba'in-arba'in. Ka yi wannan lissafin, tunda kai ne sarkinsa.

Babanku ya sauke mujallar daga bango. Na ɗauka fushi ya yi, ashe hoton shafin nan mai layi ya sa aka ɗauko, shi ne yanzu a cikin gilashin. Mai gyaran famfo ya sake shan karatu. Ita kuwa ta koma kan tanderunta da ma'auni biyu, ta ce akwai wani haɗin toka da take zato zai yi, amma ba za ta ce komai ba sai ta fasa bulo ɗari. A rayuwata na yi alfahari da ku ranar da kuka karɓo takardun digiri, amma ban taɓa jin alfahari irin wanda na ji ranar da aka hana 'yata aiki ba.

Abin da nake so da kai ɗaya ne. Ka kira ta, kada ka aika saƙo, kada ka sa matarka ta kira. Kada ka kawo hujja ko ɗaya. Duk lokacin da wayar Auta ta yi ƙara sai ta duba da sauri, sannan ta kife ta.

Ka gaishe mini da 'yata matarka, Allah Ya saka mata da haƙurin zama da kai. Ka gaishe da angona Ɗan Gajere, ka ce masa ina nan ina jiran ya iya rubutu ya aiko mini da tawa takardar, da 'Yar Baba mai ƙiriniya. Babanku, Yayarka, Kawu direba da Gwaggo mai ɗinki duk suna gaishe ku.

Za ka ga a sama, inda na ce ka ba ni kunya, na ja wa maganar layi. Da na sake karantawa na ga na yi tsanani, don na san tsoro ka ji mata, ba mugunta ba ce. Amma ban goge ba, ban kuma sake shafin ba. Tana nan, kana iya karanta ta.

Allah Ya yi muku albarka baki ɗaya.

Mahaifiyarka,
wadda har yanzu take ƙirga shafuka.